Ruwa a Takunkumin Habba

Yayana Habibullah Sofi, wanda duk unguwarmu a Sopore ke kira Habba, a gidan gurasa ya tashi, a nan ya yi furfura. Tun kafin asuba yana bakin tanderu, barcinsa sai bayan azahar. Ƙato ne, wuya kamar turmi, minsharinsa har titi ake ji. Mun daɗe muna yi masa dariya, sai ranar da gyangyaɗi ya kwashe shi yana aiki, ya kife, hannunsa ya ƙone har gwiwa. Likita ya ce numfashinsa ɗaukewa yake yi in yana barci, kuma wata rana zai ɗauke bai dawo ba. Aka haɗa shi da na'urar hura iska, mai ɗan tankin ruwan ɗumi da tiyo da takunkumin da ake ɗaurawa a hanci.

Lokacin zafi abin ya yi kyau, Habba ya murmure har yana tsokanar masu saye. Sai sanyinmu ya shigo, mai daskarar da famfo. Iska ta fito daga tanki da ɗuminta, ta bi tiyo mai sanyin ƙanƙara, ta koma ruwa. Ruwan ya taru yana ɓulɓul, ya gangaro masa cikin hanci, ya farka yana ƙwarewa.

"Ni fa na gaji," ya ce wa matarsa Rehti, ya yi wurgi da takunkumin. "Likita cewa ya yi kada in mutu a barci, bai ce in nutse a kan katifa ba."

"Ɗauki kayanka ka mayar, Baban Nusrat. Ƙato da kai, ruwan da bai cika cokali ba ne zai cinye ka?"

"To ke ki sa mana."

"Ni ce nake gurnani kamar injin niƙa?"

Rehti ta yi iya yinta. Ta saƙa wa tiyon riga ta ulu. Ta sauke na'urar ƙasa don ruwan ya koma baya. Ta rage ɗumin tankin, hancinsa ya bushe har yana haɓo. Mai shagon da ya sayar musu da na'urar ya ce a kunna hita a ɗakin, sai ka ce bai san halin wutarmu ba, alhali da ƙyar batir ke riƙe na'urar kanta. Habba ya daina sawa, gyangyaɗi ya dawo. Ita kuma ta koma zama a gefensa tana sauraron numfashinsa, in ya tsaya ta zungure shi. Tsoro duk ya ramar da ita.

Mu a nan, duk abin da ya ji sanyi kangri muke ba shi, tukunyar garwashin nan cikin kwando da muke rungumewa a ƙarƙashin riga. Da ita ake ɗumama jinjiri, da ita ake ɗumama shimfiɗar tsoho. Rehti ta ajiye kangri a jikin na'urar, ta lulluɓe su da bargo ɗaya don na'urar ta riƙa zuƙar iska mai ɗumi, ta lallaɓa Habba ya ɗaura. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa gubar gawayi za ta bi tiyon nan kai tsaye zuwa huhunsa. Har gobe ina jin haushin waɗanda suka sani ba su faɗa ba.

Da la'asar na je karɓar gurasa, na sami Rehti a shago tana ta fara'a.

"Ke Hajra, yau na yi maganin ruwan nan! Ko tari bai yi ba, tun azahar yake sharar barci."

"Bari in leƙa in gaishe shi."

"A'a, ƙyale bawan Allah. Rabonsa da irin wannan tun kaka."

Muka zauna muka sha shayin gishiri, muna magana ƙasa-ƙasa don kada mu dame shi. Da aka kira magariba ta shiga tashinsa salla, ta tarar ya riga ya cika.

A wajen zaman makoki, duk wadda ta durƙusa yi wa Rehti gaisuwa magana ɗaya take ji: "Ba ya so fa. Ni na roƙe shi. Cewa ya yi, 'Saboda ke zan sa.'"