Zuwa Jos Saboda Minti Biyu na Yaya Sabo

Gwallaga, Bauchi, biyar saura kwata

Na bar gida kafin kiran assalatu, ranar Asabar, kwana arba'in da bakwai da rasuwar yayana Sabo. Matarsa Hajara tana takaba, ba ta fita, shi ya sa tafiyar ta faɗo kaina. Daga bayan labule ta yi mini magana.

"Bala, saƙona ɗaya ne. A cire."

"Na ji, Yaya."

Ga abin da za a cire. A watanni ukun ƙarshe na jinyarsa, da ciwon dajin hanta ya kwantar da shi, wata mata daga Jos, Malama Rifkatu, ta riƙa zuwa asibiti da kyamara. Fim take haɗawa na gaskiya, ba wasan kwaikwayo ba, a kan masu ciwon da likita ya ce ba ya warkewa, da yadda suke rasa maganin rage raɗaɗi. Yaya Sabo da bakinsa ya yarda. Bayan rasuwa wata nas ta gaya mana akwai ranar da azaba ta sa ya roƙi mutuwa a gaban kyamarar. Babu wanda ya ji a cikinmu. Rifkatu ta ce ba za ta nuna wa kowa ba sai dangi sun gani sun sa hannu.

Hanya

Na yi asuba a masallacin tasha. Mota ta cika shida da minti ashirin, mu biyu a kujerar gaba.

"Malam, matsa kaɗan," in ji direba. "Jos ce, ba Makka ba, yanzu za ka sauka."

Bakwai da kwata muka tsaya a shingen jami'an tsaro kusa da Nabardo, suka leƙa but ɗin motar suka ce mu wuce. A Magama Gumau fasinjoji suka sayi ƙosai. Wani dattijo ya miƙo mini, na ce na gode.

"Azumi kake?"

"A'a, Baba. Ciki ne ba ya karɓa."

Ya dube ni, bai ƙara tambaya ba. Daga Tilden Fulani sanyi ya fara shigowa ta taga. Tara saura minti goma muka shiga Jos, tafiyar kilomita ɗari da talatin ko kusa da haka.

Jos

Wurin aikin Rifkatu ɗaki ne ƙarami a saman bene, da tebur da allon kallo biyu. Rifkatu ta kawo mini shayi.

"Malam Bala, ka sha tukuna. Fim ɗin nan ba shi da sauƙi."

Minti hamsin da biyu ne. Na ga mata a bakin tagar magani ana ce musu babu. Na ga wani tsohon Bature a ƙasar da doka ta yarda likita ya taimaki majiyyaci ya mutu, yana zaɓar rana kamar mai shirin tafiya. Sai ga Yaya, a minti na talatin da ɗaya. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Yana riƙe da ƙarfen gado.

"Ina Bala? Ku kira mini Bala. Shi ba ya ƙin maganata. Ya samo mini abin da zan sha in huta gaba ɗaya."

Sau uku ya faɗa. Na tuna ranar. Ina cikin gari a kan babur, daga wannan kyamis zuwa wancan, da takardar likita a aljihu, ina neman maganin raɗaɗinsa. Ban samo ba. Ban san ni yake kira ba.

Rifkatu ta tsayar da hoton.

"Na san me Madam ta aiko ka da shi," ta ce. "Amma ka ji ni. Masu sa hannu a kawo magani ba sa jin lissafi. Wannan minti biyun za su ji. Akwai mutane a gadon nan yanzu haka."

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani.

"Malama, ni na wanke shi. A wurinmu wanda ya wanke mamaci ba ya faɗin abin da ya gani a jikinsa, ko ga matarsa, har shi ma a wanke shi. Kyamararki ta ga abin da ya fi wanda na gani. Yana da 'ya'ya huɗu a Gwallaga. Gobe a makaranta za a ce ubansu ya yanke ƙauna daga rahamar Allah."

"Ko in rufe fuskarsa?"

"Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Muda Lawal ya san muryar nan."

Ta goge ido da bayan hannu, ta jawo kujera. A gabana ta yanke wurin. Na sa hannu ƙarfe sha biyu da rabi.

Komawa

Mota ta tashi ƙarfe biyu. Ban san inda muka tsaya ba. Da muka shigo Bauchi, keken da na hau ya bi ta gaban asibitin. Na ga layi a tagar magani. Na sunkuyar da kai har muka wuce.

Na yi sallama a gida bayan la'asar. Labule ya motsa.

"An cire?"

"An cire."

"Ka ji abin da ya ce?"

"Na ji."

Ta tsaya jiran in faɗa mata. Ni kuwa na sunkuya ina cire takalmi. Can ta ce, "Allah Ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa masa."

Na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Malama Rifkatu, wadda ta cika alkawari alhali ya ɓata mata aiki. Yaya, Allah Ya sa ciwo ya zama kaffara. Waɗanda ke kan layin nan kuwa, idan na zalunce su, su yafe mini.