Jakar da Ke Ƙarƙashin Rigar Kawu

Kawuna limami ne a wani ƙaramin masallaci a Aujara. Ya daɗe yana fitsarin jini kafin mu sani, da muka sani kuma kowa ya ce tsargiya ce. Wa bai yi ta ba bayan wankan kududdufi? Ni da na gama jami'a na dai ce ƙila ya kamata a gwada.

A Dutse aka zura masa siririyar kyamara cikin mafitsara, aka gutsuro tsoka aka kai gwaji. Likita ya ce ciwon daji ne, irin wanda ba a cika gani ba, sai an cire mafitsarar baki ɗaya. Fitsari zai riƙa fita ta wata kafa a gefen ciki, yana taruwa a jaka.

Kawu bai tambaya ko zai rayu ba. Cewa ya yi, "Likita, to limancin fa?"

Bayan tiyata ya yi jinya a ɗakina a unguwar Takur cikin Dutse, ni nake juye jakar. Zarnin yakan tayar min da zuciya, ga kafar jawur kamar ɗanyen nama, kullum tana tsattsafo. Har tsire na daina ci.

Ran nan na'ibinsa ya zo dubiya da mutanen masallaci.

"Allah gafarta Malam, jiki ya yi kyau!" in ji shi, gefen rawani a hanci. Bai gama zama ba ya ɗauko babin salasi, wato mai ɗigar fitsari. Ya ce mai wannan larura alwalarsa ba ta karyewa, sallarsa ta yi, amma makaruhi ne ya ja masu lafiya sallah. Ina jin daidai ya faɗa, ban isa in musa ba. Murmushin da yake yi ne ya fi jakar ɓata min rai.

"Lokacin da nake karantar da kai babin nan gyangyaɗi kake yi," in ji Kawu. "Ashe ajiye min shi ka yi."

Aka yi dariya, ta mutu da wuri.

Da azahar ta yi muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Kawu ya dubi na'ibi ya ce, "Shiga gaba." Shi kuma ya tsaya a ƙarshen sahu, hannu a kan jakar. Wanda ke kusa da shi ya matsa, ya bar gurbin mutum guda. Na shiga gurbin, na haɗa kafaɗata da tasa, ina shaƙar numfashi ta baki.