Ƙyallayen Burul Apa

A layinmu da ke bayan birnin Bishkek, idan sanyi ya kankama, hayaƙin gidan Burul Apa ake fara ganewa. Shekara goma sha tara katanga ɗaya ce tsakaninmu, kuma nakan tsokane ta cewa daga warin hayaƙinta nake sanin yadin da ake yayi a kasuwa.

Tela ce tun tana budurwa. Da ganinta ya ragu ta ajiye keke, amma tsoffin abokan aikinta ba su daina aiko mata da buhunan ragowar ƙyalle ba. Ita kuwa ba ta iya ganin abu ya tafi a banza. Takan cakuɗa ƙyallen da kwal ta ɗura a murhu, ɗaki ya ɗau zafi har baƙo ya tuɓe rigar sanyi. Gwamnati ta hana ƙona ƙyalle, ta ce a koma gas. Bututun gas ɗin ya iso bakin layinmu ya ja burki, har Burul Apa takan gaishe shi in za ta wuce, ta tambaye shi gajiyar hanya.

"Apa, warin nan zai kashe mu," nakan ce mata, don haka muke kiran dattijuwa a wurinmu.

"Ke Zuura, hancinki ya cika iyayi. Da mijinki ya ƙona taya bara, wa ya ce muku uffan?"

Abin da ta fi so a duniya jikarta ce Akilai, 'yar shekara huɗu, wadda take wuni a hannunta saboda uwar tana aiki a gidan burodi. A watan Disamba yarinyar ta fara tari. Burul Apa ta yi abin da kakanninmu suke yi: ta kunna reshen arca, itacen nan mai ƙamshi na kan dutse, tana zagaya kan yarinyar da hayaƙinsa don korar cuta. Akilai na ƙara tari, ita tana ƙara reshe. Na so in yi dariya, tausayi ya hana ni.

Likita ta ce ƙirjin yarinyar ba zai jure iskar unguwar ba, a kai ta ƙauye sai bazara. Ta kuma tambayi abin da ake ƙonawa a gidan. Uwar yarinyar, Nazgul, matar ɗan Burul Apa ce, kuma a wurinmu matar ɗa ba ta duban uwar miji ta ce mata ta yi kuskure. Sai ta zo ta roƙe ni in faɗa.

Na tarar da tsohuwar tana dama shayi. Na faɗa mata komai, ban rage ba.

Ta daɗe tana juya cokali. "To, ni ce ke nan?"

"Duk layin ne, Apa. Har da mu."

"In na daina, za a bar mini ita?"

Na ce wataƙila.

Tun daga ranar ko zare ba ta ƙara sawa a wuta ba. Kwal kaɗan take hurawa, ta zauna cikin rigar sanyi a ɗakinta. Buhunan kuwa ba ta iya zubar da su, sai ta hau yanka ƙyallen tana haɗa bargo da hannu. Ni ke zura mata zare a allura, tana mitar cewa allurar zamani ce ba ta da ido.

Mako uku ta yi a haka. Tarin bai tsaya ba, don gida ɗari biyu ne kewaye da ita, kowa da murhunsa. Likita ta sake cewa a tafi da yarinyar.

Da safe motar At-Bashi ta zo, can garin iyayen Nazgul. Burul Apa ta fito da bargon, ja da kore da ruwan ƙasa, ɗinkin ya karkace a wurare da yawa. Ta miƙa hannu za ta lulluɓe Akilai, sai ta tsaya ta kai shi hancinta. Ta naɗe shi ta danƙa wa Nazgul.

"'Yata, kada ki rufe ta da shi yanzu. In kun isa, ki shanya shi a waje kwana uku. Warin gidana yake yi."