Farin Mayafin Bahabashiya

Shekarun baya, lokacin da ƙafa ce motar talaka, muka baro Kano ni da maigidana za mu Makka. Shekara uku muna tafe muna tsayawa cirar auduga a Sudan. A wani gari kusa da iyakar Habasha naƙuda ta kama ni da hantsi, ga shi cikin fari. Ni da nake cika baki cewa Bahaushiya ba ta kukan haihuwa, ranar har jakunan kasuwa sun ji muryata.

Gida biyu aka ce babu wuri. A na uku wata dattijuwa Bahabashiya ta fito, da zanen gicciye a goshinta, ta sha farin mayafi za ta coci bikin Kirsimetinsu. Maigidana ya yi turus. Ita kuwa kallo ɗaya ta yi mini ta kama hannuna. Ɗakinta ya cika da baƙin biki, sai ta share rumfar awaki ta shimfiɗa tabarma.

Haihuwar ta zo da gardama, na ga mutuwa muraran. Ana ta buga ƙararrawar coci, na ce mata da guntun Larabcina, "Baba, ibadarki za ta wuce."

Ta ce, "Yarinya, mu a wurinmu Mai Ceto ne ya sauko neman mu, aka rasa masauki, aka haife shi cikin dabbobi. Makiyaya ma a nan suka yi masa sujada. In na bar ki na tafi, me zan je in ce masa? Yunƙura!"

Daga bayan zana maigidana ya ɗaga murya, "Mu dai a gindin dabino muka san an haifi Annabi Isa."

"To tashi ka nemo mata dabinon, malam!"

Kafin ya dawo 'yata ta faɗo. Matar ta yage mayafin bikinta ta naɗe ta, tana hawaye tana waƙa da harshensu.

Bayan shekara muka iso Makka, muka zauna a unguwar Tandabawi, ina sayar da waina har na tsufa. Ban bar addinina ba, ita ma ba ta nema ba, amma har yau ina ƙaunar matar nan. Ranar ɗawafina na farko, da wannan ƙyallen na goya 'yata, na zaga Ka'aba ina roƙa wa mai shi alheri. Ko sunanta ban tambaya ba.