Baba Ummaru Yana Jiran Inuwa

Jama'a, yau makaho ya ɓace a hanyar da ya fi kowa sani!

Tun shekarar da aka tare ruwan Goronyo Baba Ummaru ke zuwa masallaci ba ɗan jagora. Da ya ji sanyin dogon yaro a kansa sai ya karkata dama. Jiya masu faɗaɗa titi suka sare itatuwan.

Na taso daga ajin yaƙi da jahilci, sai ga shi ya nufi ramin kwata! Na ruga na riƙe sandarsa.

"Baba, ina za ka?"

"Inuwa nika jira, ɗana. Mi ya hana ta yau?"

Na ja shi zuwa inda dogon yaron yake a da. Na ɗora hannunsa bisa kututture. Ya shafa, ya ce, "Ashe an kashe ta."

Itace uku suka tafi, da dakalin tsofaffi, da hanya guda da Baba ke bi shi kaɗai.