Kawu Mai Tuta da Mashigar da Aka Ce Babu Ita

Ƙanin mahaifiyata ne, don haka ni Kawu nake ce masa. Sauran unguwa Mai Tuta suke kiransa, saboda wani jan ƙyalle da ya ɗaura a bakin sanda, wanda ko wanka zai shiga sai ya jingine shi a ƙofar banɗaki. Na zauna rubuta wannan ne don an fara cewa tsoho ne mai ganganci. Ƙarya ne. Ban taɓa ganin mutumin da ya tsani ganganci kamarsa ba.

Layin dogo ne ya raba garinmu biyu. Gidajenmu suna wannan gefen. Asibiti, kasuwa, makarantar yara da tashar mota duk suna tsallake. Akwai gadar motoci, amma tana can nesa, tafiyar da sai ka ji ta a gwiwa. Saboda haka tun ina yarinya akwai wata kafa a jikin wayar da ta kewaye layin, kowa ta nan yake bi. Ita ce mashigarmu.

Kawu ya yi ƙuruciyarsa lebura a kan layin, yana ɗaure ƙusoshi yana canza katakon da ya ruɓe. Da ƙarfi ya ƙare aka sallame shi, sai ya ɗauko benci ya dasa a bakin kafar nan. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Yakan cire takalmi ya ɗora tafin ƙafa a kan ƙarfen, ya ce yana jin jirgi a ƙafarsa tun kafin kunne ya ji. In ya ɗaga tuta, ko gobara ake yi a gidanka sai ka tsaya.

Ba shi da daɗin baki, wannan ba zan ɓoye ba. "Ke mai kwando, jirgin na mijinki ne da zai taka miki birki? Koma baya!" Haka yake wa matan kasuwa. Su ce, "Mai Tuta, tsufa ya sa ka faɗa." Ya ce, "Ke ma ina so ki tsufa, shi ya sa." Duk shekarun da ya yi a wurin, ko akuya jirgi bai taka ba.

Allah bai bar musu 'ya'ya ba, shi da matarsa Inna. Inna tana da ciwon suga, ga gyambo a ƙafa da sai an wanke mata a asibiti a kai a kai. Shi ke riƙo hannunta ya tsallakar da ita, ya dawo da ita, yana yi mata faɗan ta cika nawa.

Abu ɗaya ne ya karya masa zuciya. Wata shekara 'yan sandan jirgi suka zo, suka ga kafar, suka ce shi ya yanka wayar. Suka tafi da shi. Da ya dawo, kunnensa na hagu ya daina ji saboda mari. Tun daga nan, in ya hango mai kaki ko mai rigar aiki, sai ya dafe kunnen ya ja da baya don tsoro. Ku riƙe wannan, don shi ne tushen komai.

Sai aka ce za a gyara layin, a sa sabon jirgi mai gudun tsiya tsakanin manyan birane, a gina katanga hagu da dama. Kafin a fara, doka ta ce sai an yi nazarin muhalli, a ga abin da aikin zai taɓa: itatuwa, ruwa, ƙara, dabbobi, mutane. Masu nazarin suka zo cikin farar mota da riguna ruwan ɗorawa. Suka kafa kyamara a kan turke, suka juya idonta daidai mashigarmu. Ina tsaye a wurin da kayan ɗinkina a ka lokacin da Kawu ya daure ya matsa wajen wata matashiya a cikinsu.

"Sannunku da aiki, 'yata. Wannan idon fa?"

"Ƙirga muke yi, Baba."

"Ƙirgan me?"

"Masu tsallaka layi."

"In kun ƙirga sai a yi yaya?"

"Sai mu miƙa wa na sama." Ta mayar da kanta kan wayarta.

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce masa in aka ga mutane da yawa za a yi musu gadar ƙafa ba. Magana ɗaya ce, ba ta kai numfashi guda ba, amma ta yi mata nauyi.

Da la'asar aka taru a ƙofar shagon unguwa. Mai shago ya ce, "Hoto ne za a kai wa 'yan sanda. Kowa zai ga fuskarsa." Tela maƙwabcina ya ce, "To ni dai a bari in sake riga, kada a kai ni kotu da wannan." Aka yi dariya, ban da Kawu. Hannunsa na kan kunnen nan. Ya ce, "Ba za su ɗauki kowa ba. Ni na san yadda suke yi da mutum a ɗakin 'yan sandan nan."

Ya samo waya ya ɗinke kafar tsaf, ɗinkin tsohon ma'aikaci. Ya jawo ƙaya ya tara. Ya share sawun mutane, ya baza busasshiyar ciyawa a kan hanyar da ƙafafu suka daddaɓe shekara da shekaru. Sannan ya ɗauke bencinsa ya koma bayan lungu inda kyamarar ba ta gani, yana ɗaga tuta yana korar mutane. Kuma suka koru, don an saba in ya ce tsaya a tsaya. Duk unguwa muka koma zagayen gadar motoci. Shi ma ya ari baro yana tura Inna ta can cikin rana. Da aka cire kyamarar aka buɗe kafa, har guɗa aka yi masa. Wanda zai ce mana wawaye, ya fara shan marin da Kawu ya sha tukuna.

Bayan watanni aka kira taron bayani a wani otal can ƙarshen gari, da safiyar ranar aiki. Na rufe keken ɗinkina na je, Kawu ya biyo ni da tutarsa a naɗe. Ɗakin da sanyi kamar firiji. An daɗe ana magana a kan jemagun da ke wasu tsofaffin itatuwa. An nuna mana yadda za a faɗaɗa kwalbatin da ke ƙarƙashin layi don ruwa ya wuce, kwaɗi ma su wuce. Ba ni da faɗa da kwaɗi. Da aka zo kanmu, sai mai jawabin ya ce ba a samu masu tsallakawa a wurin ba, don haka babu buƙatar gada.

Na miƙe. "Malam, ni da ƙafata na tsallaka wurin yau da safe."

"Mama, na'ura ba ta ga kowa ba."

"Na'urar taku ta shiga gida ɗaya ta tambaya? Kuna ganin asibiti can, gidaje nan, kuka zaci fuka-fukai gare mu?"

Ya yi murmushi, ya ce za su duba. Aka karɓe makirufo daga hannuna.

A waje Kawu ya juyo min kunnensa mai ji. "Me suka ce?" Na faɗa masa. Ya ce, "Ashe gada na ɗinke."

Na yi ta zarya ofishinsu. Mai shago ma ya je. Kullum amsa ɗaya, an kammala nazari, an sa hannu. Katanga ta tashi, ta siminti, ta fi mutum biyu tsawo.

Mutane ba su daina rashin lafiya ba, yara ba su daina makaranta ba. Sai aka koma bi ta kwalbatin kwaɗi, a sunkuye, cikin duhu da wari. Kawu ya kai bencinsa bakin ramin. Yanzu sama yake kallo, in ya ga hadari ya ɗaga tuta. Wani lokaci ya cire takalmi ya taka simintin don sabo. Tela ya ce, "Mai Tuta, jirgin ruwa kake jira?" Ya ce, "Simintin nan ba ya faɗa wa ƙafata komai." Ba wasa a muryarsa.

Ranar da abin ya faru, rana tarwai a kanmu. Ruwan can nesa aka yi shi, a kan tudu inda rafin ya taso. Kawu ya dawo da Inna daga wankin ƙafa, yana tura ta a baro, wasu mata na biye da su a baya. Suna tsakiyar kwalbati ruwan ya shigo. Ya angiza baron da iya ƙarfinsa, mai shago da ke kusa da bakin ramin ya fizgo Inna. Shi kuma ya juya ya ɗaga tuta yana ihu wa matan su koma. Suka koma, duk suka fita. Ruwan ya share masa ƙafafu. A can ƙasa aka sami gawarsa da yamma, maƙale da tarkace.

Masu aikin suka zo suka sa ƙarafuna a bakin kwalbati, suka kafa allon gargaɗi. Wani daga cikinsu ya faɗa a rediyo cewa mazauna wurin ba sa kiyaye doka, tsoho ya yi ganganci. Babu wanda ya ambaci gada.

Inna tana ɗakina yanzu. Ni ke tura ta ta gadar motoci, kuma ba kullum nake iyawa ba, ƙafar Inna ta fara baƙi. In sabon jirgin ya wuce, kofuna su ɗan kaɗa a kan tire, kafin ka ɗaga kai ya ɓace. Jiya na ga an yanke ƙarafuna biyu a bakin kwalbatin, mata suna sunkuyawa suna shiga da goyo a baya. Bencin yana nan inda ya bar shi. Babu kowa a kai, kuma damina ta kusa.