Haƙorin rawuta da yatsana

Assalamu alaikum. Wata biyar ban ce komai ba a shafin nan. Na ga saƙonninku, na kuma ji abin da ake faɗa a kaina a cikin Mafara. Yau zan faɗi nawa, da hannun hagu nake rubutawa.

Maigidana kafinta ne, shagonsa na jikin gidanmu. Ni kuwa kun san ni da karatun littattafan soyayya. Duk gadon da aka siffanta a littafi sai na rufe ido na gan shi, har zanen gefensa. Wata rana na ce masa ina son in koyi fitar da irin wannan zane. Ya yi dariya, amma ya koya mini. Shekara guda ina aiki tare da shi.

Inna, mahaifiyarsa, ba ta so ba. Ta ce ranar da injin katako ya fitar mini da jini, ranar na bar shagon har abada. Na ce na yarda.

Da ƙaramin injin hannu, wato rawuta, muke zanen. Da ta ƙone, sai ya sayo wani baki da ake ɗaurawa a babban injin tebur, wanda kafintoci ke ce wa sifindil, don a riƙa sa masa haƙoran rawuta, wato ƙarafan da ke fitar da zanen. Ya faɗa mini babban bai kai ƙaramin gudu ba, in riƙa tura katako a hankali. Abin da bai faɗa ba, domin bai zaci zan taɓa shi ni kaɗai ba, shi ne injin yana juyawa gaba, yana juyawa baya. Haƙorin rawuta kuwa gefe ɗaya kawai yake ci.

Ranar da abin ya faru ya tafi gonarmu ta Bakolori, an sako ruwan noman rani a kanal. Ashe ya bar makunnin injin a kan juyin baya. Na ɗaura haƙori, na tura katako, ya ƙi ci sai hayaƙi. Na ƙara ƙarfi. Katakon ya yi tsalle, bakin haƙorin ya ɓalle, hannuna na dama ya zame.

Yankan bai kai tsawon ƙwayar gyaɗa ba, a gindin manuniyata.

Na share jinin da ke tebur kafin in kula da na hannuna. Na ɗaure da tsumma, na ce wa kowa wuƙar albasa ce.

Kwana uku yana zogi. Na huɗu ya kumbura, na kasa riƙe ludayi. Na shida zazzaɓi ya kwantar da ni, wani jan layi ya hau har gwiwar hannu. Inna ta jiƙa magani ta shafa, maƙwabta suka ce a nemi tofi, ni ina kwance na san gaskiya na yi shiru.

A asibitin garinmu aka yi mini allurar tetanus, aka sa mini ruwa, aka ce mu wuce Sakkwato. Buhu biyu na shinkafarmu aka sayar kafin mu hau mota.

A can aka ɗebi jini, aka ɗauki hoton hannun. Likita ya ɗaga hoton ya nuna wani farin ɗigo kusa da ƙashi, ya ce, "Malama, wuƙar albasa ba ta barin wannan. Ki faɗa mini ko mene ne, don ina ƙoƙarin ceto hannun ne, yatsan ya riga ya tafi."

Inna na zaune a bakin gado. A gabanta na faɗi gaskiya.

Maigidana ya fita waje. Daga baya ya ce mini ba fushi ya yi ba, makunnin ya tuna.

An shiga da ni tiyata, an cire ƙarfen da yatsan. Kwana biyu ana jiran a ga ko ruɓar za ta tsaya. Na ji tsoro ƙwarai. Na riƙa kallon hannun ina tunanin yadda ake yin alwala da dungu.

Ta tsaya. Alhamdu lillahi.

Mako uku na yi a kwance. Kullum da safe wankin ciwo, ina cizon mayafi. Allura sau uku a rana. Sai koyon damƙe ƙwallon roba kamar jaririya. Inna ce ke ba ni abinci a baki, ba ta taɓa tayar da maganar shago ba.

Ni na tayar, bayan mun dawo gida. Na durƙusa na ce mata na yi ƙarya, ta yafe mini, amma zan koma shagon.

Ta ce, "Ɗiyata, kwana shida kinka ɓoye ciwo don maganata. Ni na ci yatsan nan, ba ƙarhe ba."

Na ce a'a. Ta ce in rufe mata baki, ta janye sharaɗinta, amma ko ƙaya ce ta soke ni ita za ta fara ji.

Masu cewa ishara ce ga macen da ta shiga aikin maza, ku je layin kafintoci ku ƙirga yatsun mazan. Ba wanda ya ce musu su koma gida.

Na gode wa Allah. Na gode wa likitan da bai yarda da ƙaryata ba, da ma'aikatan jinya, da Inna, da maigidana da ya zana kibiya da jan fenti a kan makunnin kafin in dawo. Na gode muku da addu'a.

'Yan'uwa masu aikin katako, in za ku sa haƙorin rawuta a babban inji, ku duba inda yake juyawa kafin ku kawo katako. Ku ɗaure shi sosai. In ya ƙi ci, ku kashe injin, kada ku ƙara ƙarfi. Ku tura ƙaramin katako da sanda. Ciwon ƙarfe kuma komai ƙanƙantarsa ku kai asibiti a ranar, ku faɗi ainihin abin da ya yanke ku.

Jiya na kunna injin da kaina. Na fitar da zanen gefen ƙofa guda. Saura uku, mai su na zuwa ranar Talata.